Duwatsun Kaka: gilashin da ya bi ta hannunmu ya wuce

Wani dare a fadarmu ta Harobanda, can bayan jami'a, muna jiran shayi na biyu, sai wani abokinmu ya miƙo salularsa yana dariya. Ya ce: "Kai, ku zo ku ga haukar Nasara! Kwalba ce fa aka narke aka liƙa ga rufin ɗaki, wai kuma mutane na tahowa daga nesa don su gani." Muka duba. Rufin wani babban otel ne a Las Vegas ta Amurka, cike da furanni na gilashi, ja da shuɗi da rawaya, sun fi 2,000. Kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Wani ya ce a ba shi buhu guda ya shiga kasuwar Katako, kafin la'asar ya tara musu kwalaben da za su rufe otel biyu.

Ni ma na yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Ina riƙe da ɗan kofin shayi na gilashi, sai hoton nan ya tuna mini da wani abu da na gani a ɗakin kakata ina yaro. Shi ya sa na ɗauki bik na rubuta wannan. Ƴan uwa ɗalibai, ku yi haƙuri da ni, za mu je Amurka mu dawo, mu bi ta Ife da Bida da Kano, amma a ɗakin wata tsohuwa za mu ƙare.

Da farko, mene ne wannan abin da muka yi wa dariya? Mai aikin sunansa Dale Chihuly, an kafa furannin nan a otel ɗin Bellagio a 1998. Kuma aikinsa yana da asali. Kafin shekarun 1960, a Turai da Amurka gilashi aikin masana'anta ne: babban tanderu, ma'aikata da yawa, wani ya zana, wasu su hura. A watan Maris na 1962 wani malamin ginin tukwane na jami'ar Wisconsin, Harvey Littleton, ya tara ƴan mutane kaɗan a harabar gidan adana kayan fasaha na garin Toledo, a jihar Ohayo, don su gwada ko mutum ɗaya zai iya narka gilashi a ƙaramin tanderu, ya hura shi da bututun ƙarfe, ya yi siffar da ransa ke so. Da farko abin ya ƙi. Sai wani masanin gilashi, Dominick Labino, ya gyara musu tanderun, ya kawo musu irin gilashin da ke narkewa ba da wahala ba. Daga nan ƙofa ta buɗe. Chihuly ɗalibin Littleton ne, shi ne kuma ya kafa makarantar gilashi ta Pilchuck kusa da Seattle a 1971. Masu kuɗi suka fara saye suna tarawa, gidajen tarihi suka ware ɗakuna, aka shiga yin gwanjo.

Ga abin da ya fi ɗaure mini kai. A 1976 Chihuly ya yi hatsarin mota a Ingila, ya rasa ganin idonsa na hagu. Bayan shekara uku ya goce kafaɗa. Daga nan ya bar riƙe bututun hurawa, ya koma yana zane yana ba da umarni, wasu ke hurawa. Amma sunansa ne a kan aikin, kuma sunan ake saye. Mai tarawa in ya biya kuɗi, takarda yake karɓa tare da gilashin: wa ya yi, yaushe, a ina, hannun wa da wa ya bi. In takardar ta ɓata, darajar ta faɗi, ko da gilashin bai tsage ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Yanzu mu koma gida.

Kakata ta wajen uba, Allah ya jiƙanta, a wani ƙauye na jihar Maraɗi ta zauna. Tana da wani tsohon adudu ƙarƙashin gado, a cikinsa akwai ƙullin tsumma, a cikin tsumman kuma duwatsun wuya, zare uku. Ba ta sa su, sai dai in ana biki ta fiddo ta rataya wa amarya na kwana ɗaya. Wasu dogaye ne kamar gaɓar kara, jikinsu duk ƴan furanni ƙanana. Wasu masu kauri, kore da rawaya, ba su da sheƙi, kamar an yi su da ƙanzo. Akwai kuma ƙarau guda biyu baƙaƙe. In na kai hannu sai ta buge ni da wasa ta ce: "Kai maigida, bari! Wanga ba abin wasan yara ba ne. Ko sadakina ba ka gama biya ba, za ka taɓa mini dukiya?"

A 2005, shekarar da fara da fari suka haɗu suka cinye amfanin gonar bara, hatsi ya yi tsadar da ban taɓa ji ba. Ina da shekara bakwai. Wani mutum ya zo ƙauyen da jaka a rataye, yana bi gida gida yana tambayar tsofaffin kaya. Na ga lokacin da Kaka ta kwance tsumman nan a zaure. Ya juya duwatsun a tafin hannunsa, ya ɗaga su ga rana, ya taya. Aka daidaita a kan jika 15. Da kuɗin aka sayo hatsin da muka ci. Ban taɓa jin haushin Kaka ba, kuma ba zan ji ba, don ina cikin waɗanda suka ci tuwon. Shi ma mutumin ba sata ya yi ba, ciniki ya yi. Abin da ke ci mini rai shi ne, ba wanda ya tambaye ta daga ina duwatsun suka fito, wa ya ba ta, yaya ake kiran kowane. Ta rasu bayan shekara huɗu, amsar ta tafi da ita.

Sai da na shigo sashen tarihi na fara gane abin da ya fita daga gidanmu ran nan.

Mu fara da can baya. An daɗe ana koya wa mutane cewa duk gilashin da aka samu a Afirka ta Yamma baƙo ne, ko dai Larabawa suka kawo ta hamada, ko Turawa ta teku. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. A Igbo-Ukwu, kudu maso gabashin Najeriya, Thurstan Shaw ya yi haƙa a 1959 zuwa 1960 da kuma 1964, ya tono duwatsun ado fiye da 165,000, na gilashi da na dutse, a wurin da aka ƙiyasta shekarunsa tun ƙarni na 9 ko na 10. Wato tun kafin jirgin Bature na farko ya iso gaɓar tekunmu da ɗaruruwan shekaru, mutanen yankin nan suna tara gilashi, suna binne manyansu da shi. Tarawa ba baƙuwar ɗabi'a ba ce a nan.

Sannan a Ile-Ife, ƙasar Yarbawa, a wani wuri da ake kira Igbo Olokun, wani masani ɗan Najeriya, Abidemi Babatunde Babalola, ya tono dubban duwatsun gilashi tare da tukwanen narkarwa da tarkacen aiki, na tsakanin ƙarni na 11 zuwa na 15. Da aka auna sinadarin gilashin, sai aka ga haɗinsa daban yake da na Masar da na Turai da na Indiya. Da kayan ƙasar wurin aka yi shi. Ma'ana, ba narka na wasu kawai suke yi ba, gilashin kansa suke haɗawa tun daga tushe. Kuma an sami duwatsu masu irin wannan haɗi a Gao da Essuk, cikin ƙasar Mali ta yau. Ku duba taswira. Daga Ife zuwa Gao, duk hanyar da fatake za su bi, da wuya ta yi nisa da kogin nan da muke tsallakawa kullum a kan gadar Kennedy. In na tsaya a kan gadar da yamma ina kallon masu jirgin ruwa, nakan yi wannan tunani.

Bayan haka sai zamanin Venis. A 1291 hukumar birnin Venis na Italiya ta umarci masu gilashi su kwashe tanderunsu su koma tsibirin Murano, saboda tsoron gobara, kuma don a tsare sirrin sana'ar. A can aka ƙware wajen haɗa sandunan gilashi masu launi iri iri, a narka su tare, a ja su su yi tsawo, a yanka, sai kowane yanki ya fito da hoton fure a cikinsa. Da harshensu suna kiran wannan millefiori, wato fure dubu. Ranar da na fara ganin hotonsu a littafi, sai da gabana ya faɗi: su ne dogayen nan na adudun Kaka. Irin waɗannan an yi ta zubo su Afirka da yawa a ƙarni na 19 da farkon na 20. Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya bi ta Agadas ya shiga Kano a 1851, ya lissafa kayan Turai da ya gani a kasuwar birnin, a ciki har da duwatsun ado na Venis da Trieste.

Kada mu rufe ido ga ɗaya fuskar. Da duwatsun nan an sayi zinariya, da hauren giwa, da manja, an kuma sayi mutane. A gidan tarihin Birtaniya da ke Landan akwai katunan samfur na wani ɗan kasuwar birnin na ƙarni na 19, an jera duwatsun an nuna wanne ake ba da shi don wane irin kaya, har da bayi. Saboda haka abin da amarya ke ratayawa tana murmushi, wani lokaci hanyarsa ta bi ta cikin hawaye. Ɗalibin tarihi ba ya da ikon zaɓar rabin labari.

To masu kaurin nan kore da rawaya fa? Nan ne labarin ya shigo gidan Bahaushe sosai. A garin Al-Khalil na Falasɗinu, wanda Turawa ke kira Hebron, an yi ɗaruruwan shekaru ana aikin gilashi. Duwatsunsu sun bi ta Masar suka gangaro Sudan, har Darfur da Wadai. Da aka daina yayinsu a can, a wajen shekarun 1930 wani jami'in mulkin mallaka kuma masanin tarihi, A. J. Arkell, ya rubuta cewa matan Sudan suna sayar da su da arha ga fataken Hausawa, su kuma suna kai su Najeriya. Aka goge bakunansu don su zauna daidai a zare, aka sake sayar da su. Yau in ka shiga intanet wurin masu tara irin waɗannan kaya, sunan da suke kiransu da shi shi ne "duwatsun Kano". Ku ji fa. Wanda ya narka gilashin a Falasɗinu sunansa ya ɓace, matar Darfur da ta sa shi sunanta ya ɓace, Bahaushen da ya ɗauko shi a kan jaki ko raƙumi shi ma sunansa ya ɓace, sunan kasuwa kaɗai ya rage. Ba zan rantse cewa na Kaka su ne waɗannan ba, tun da ba su hannuna balle in gwada. Amma launin da kaurin da rashin sheƙin, duk sun yi daidai da abin da idona ya riƙe.

Ƙarau ɗin kuwa, hankalina ya fi kwanciya da cewa daga Bida suka zo. A Bida, babban birnin Nufawa, akwai unguwar Masaga, ta masu aikin gilashi, waɗanda a bakinsu suke cewa kakanninsu daga Masar suka taso. S. F. Nadel, wanda ya zauna cikin Nufawa a shekarun 1930, ya bayyana aikinsu a littafinsa na 1942. Tanderunsu na laka ne, a cikin ɗan ɗaki, ana zuga shi da mazugi kamar na maƙera. A da suna haɗa nasu ɗanyen gilashi baƙi da yashi da kanwa da wasu abubuwa, suna kiransa bikini. Da kwalabe suka yawaita sai suka koma narka su, suna ware su launi launi. Mai aiki ya ɗebo narkakken gilashi a bakin sandar ƙarfe, ya naɗa, ya juya, ya buɗa shi har ya zama ƙarau wanda ba ka ganin mahaɗinsa. Fataken Hausawa na cikin waɗanda suka yaɗa kayan nan kasuwa kasuwa. A 2021 UNESCO ta sa Bida cikin jerin biranen da ta karrama saboda sana'o'in hannu.

Ku lura da wani abu. Abin da ya zama sabon babi a Toledo a 1962, wato ƙaramin tanderu da mutum mai aiki da hannunsa ba cikin masana'anta ba, shi ne zaman yau da kullum a Masaga tun kaka da kakanni. Ban ce aikin ɗaya ba ne. Su can hurawa suke yi, suna fitar da manyan siffofi don kallo. Na Bida naɗawa suke yi, don ado da amfani. Amma wuta ɗaya ce, ƙwarewar hannu ɗaya ce. Bambancin da ya fi girma shi ne, can an rubuta suna, nan ba a rubuta ba.

Sai kuma juyin ƙarshe. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa na 1970, samarin Amurka da Turai suka shiga yayin tsofaffin duwatsun ado na Afirka. Kasuwa ta buɗe. Ƴan kasuwa, Hausawa da yawa a cikinsu, suka bazu ƙauyuka daga Nijar zuwa Gana, Mali da Kodebuwa, suna saye daga hannun mata, suna shirya su a zaren kaba, suna turawa waje. Christopher Steiner ya yi littafi a 1994 kan dillalan kayan gargajiya na Abijan, inda Hausawa ke da babban matsayi. Akwai kuma wani fim na farkon shekarun 1990 da ya bi wani dillali Bahaushe ɗan Nijar, Gabai Baare, daga Kodebuwa har Amurka yana cinikin sassaƙe. Wato hannun da ya shigo da duwatsun nan ƙauyukanmu, jikokinsa ne suka fitar da su. Mutumin da ya zo zauren Kaka a 2005 ɗaya ne daga cikin na ƙarshe a wannan dogon layi. Yau in kana son ganin irin duwatsun Kaka an jera su da bayani, ka fi saurin samunsu a gidan tarihin gilashi na Corning, a jihar New York, wanda aka buɗe a 1951, da a ce ka same su a ɗakin wata tsohuwa a Tasawa.

Wani zai ce, to mene ne? Kaya ne, an saya an sayar. Ga amsata. Mun ga abin da kasuwar masu tarawa ta yi wa Bura, a yankin Tera. An gano wurin a 1975, Farfesa Boubé Gado ya yi haƙa a 1983, ya fito da tulunan binne mamata masu kawunan mutane da suka ba duniya mamaki. Da sunan Bura ya fita waje a shekarun 1990, sai masu tonon sata suka afka wa wuraren, aka kwashe abin da aka kwashe. Nijar ta kafa dokar kare kayan tarihi a 1997, hukumar gidajen tarihi ta duniya kuma ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari a 2000. Tulun da aka tono ba tare da an rubuta inda yake kwance da abin da ke kusa da shi ba, ya zama kayan ado kawai, ba ya iya ba da shaida. Haka dutsen wuya. Doka tana iya tsare abin da ke cikin ƙasa, in an yi aiki da ita. Amma abin da ke cikin adudu, na mai shi ne, kuma ba dokar da za ta hana mai jin yunwa sayar da abinta. Ni dai ba zan tsaya gaban wata uwa in ce mata kada ta sayar ba.

Abin da za mu iya ya fi wannan sauƙi, kuma ba ya cin ko dala. Mu ɗauki darasin takardar nan ta masu tarawa mu juya shi ya yi mana aiki. Mu ba mu da kuɗin sayen gilashi, amma muna da kaye da bik da salula, muna kuma da abin da wani mai kuɗi a Amurka ba zai taɓa samu ba: za mu iya zama a kan tabarma kusa da kakanninmu mu yi musu tambaya da harshensu. Hutun nan mai zuwa, duk wanda ya tafi gida, Damagaram ko Tawa, Doso ko Agadas, ya roƙi tsohuwar gidansu ta kwance ƙullinta. Ya ɗauki hoto da rana, ya ajiye dala kusa da dutsen don a gane girmansa. Ya tambaye ta: Inna, mi ake ce ma wanga? Wa ya ba ki shi? Gado ne ko kayan aure? Daga wace kasuwa? Yaushe ake sa shi, wa ke da ikon sa shi? Ya rubuta sunan da ta faɗa yadda ta faɗe shi, da Hausa ko Zabarmanci, da Fulatanci ko Tamajak ko Barbarci, kada ya gyara mata. In mun dawo mu haɗa, mu buga a wannan ɗan littafi namu, mu kai kwafi ɗaya Muze Boubou Hama, ɗaya kuma IRSH. Ko an sayar da dutsen gobe, labarinsa ya zauna gida.

Hausawa na cewa rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Ni na kwana shekara bakwai a kan gadon da adudun nan ke ƙarƙashinsa.

Bara da na je gida, gwaggona ta ji ina wannan magana, ta shiga ɗaki ta fito da wani abu a leda. Dutse ɗaya ne, dogo, mai ƴan furanni, gefensa ya ɗan ɓare. Ta ce ranar cinikin ne ya zube daga zare, mai sayen ya ce ba ya son fasasshe. Na tambaye ta sunansa. Ta yi shiru, ta juya shi a hannu, ta ce: "Wallahi ɗana, Inna na da sunan da take kiran shi, amma ya kwanta mini." Ta ce in ba ta lokaci, wataƙila ya faɗo mata, ko ta tambayi wata tsohuwa ƙawar Kaka da ta rage a ƙauyen gaba.

Dutsen yana cikin aljihun jakata yanzu da nake rubutun nan. A kayena na buɗe masa shafi, na sa kwanan wata, na zana shi, na rubuta abin da gwaggo ta faɗa. Layin suna na bar shi fili. Duk ranar Juma'a ina kiranta.